Direban Sahara da Tayoyin Ƙanƙara

Akwai wani mutumin Maraɗi da ke zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ana ce masa Alhaji Isufu. Shekararsa goma sha ɗaya a can, yana sayen tufafi a kasuwar Shahe yana turawa gida. Amma kafin ya zama ɗan kasuwa direba ne, kuma ba ƙaramin direba ba. Shekara ashirin ya yi yana ƙetare sahara da a-kori-kura, daga Agadas zuwa Dirku, bai taɓa barin fasinja ko ɗaya a hanya ba.

In kana da sauri kada ka kuskura ka tambaye shi labarin sahara. Shayinka zai huce, a sake dafa wani, shi ma ya huce, Alhaji bai kai rijiyar farko ba.

Mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Aibinsa ɗaya. In maganar mota ce, yana ganin daga shi an rufe ƙofa.

Ƙauyen su Alhaji Isufu yana bayan Dakoro, kuma babbar damuwarsu ruwa ce. Rijiya ɗaya ce a garin, zurfinta ya kai gaba arba'in. Yayarsa Salamatou, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta haura sittin amma har yau tana jan guga. Tafin hannunta duk kanta ce saboda igiya.

Shekara uku mutanen garin suna haɗa ƙarfi, har Allah ya sa aka samu abin sayen ƙaramin injin haƙar rijiyar burtsatse. Suka damƙa amanar a hannun Alhaji. Ya samo injin a wata masana'anta da ke lardin Hunan, arewa da Guangzhou, tafiyar wuni guda a mota. Injin yana da ƙafafunsa biyu, ɗaura shi ake a bayan mota a ja.

To, sai abin ya zo daidai da ƙaratowar sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kowa ke rufe shago ya tafi garinsu. Direbobin manyan motoci duk sun watse. Kwantenar da za a sa injin kuwa ranar Asabar za a rufe ta. In an rasa ta, sai bayan wata guda.

Alhaji ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Yana da a-kori-kurar da yake kwasar kaya da ita daga kasuwa zuwa sito. Da kansa zai je ya jawo injin, tayoyi kawai zai sake.

Wanda zai raka shi surukinsa ne, Malam Abdulbaƙi, Bakano mai auren ɗiyarsa Amira. Magidanci ne mai shekara talatin da takwas, yana koyarwa a wata jami'a a birnin. Kafin nan ya yi shekara shida yana karatu a Harbin, can arewa inda ake yin wata biyar ba a ga ƙasa ba saboda dusar ƙanƙara. Yana jin Sinanci kamar Hausa, ya kuma san sanyi.

Sai dai kun san surukuta. Tun da aka ɗaura aure Abdulbaƙi bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ce masa a'a ba. In Alhaji ya ce rana ta fito daga yamma, amsar ita ce, “Haka ne, Baba.”

Ranar Litinin da hantsi suka je shagon wani tsoho mai sayar da tayoyi, sunansa Liang. Shi ma ɗan arewacin ƙasar ne, neman abinci ya kawo shi kudu.

Suna shiga idon Alhaji ya faɗa kan wasu tayoyi jibga-jibga, masu faɗi, haƙoransu kamar na garma. Ya buga ɗaya da tafin hannu, ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki.

“Ga taya nan,” in ji shi. “Irin wagga munka ci sahara da ita.”

Tsoho Liang ya tambayi ina za a je, me za a ja. Da Abdulbaƙi ya faɗa masa, sai ya girgiza kai. Ya ɗauko wayarsa ya nuna musu hoton wata taya ta daban, mai ƙananan tsagu sirara birjik a jikinta, da tambarin dutse mai kai uku a gefe.

Ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce robar manyan tayoyin nan ta laka ce da yashi, in sanyi ya yi tsanani sai ta sandare kamar katako, ba ta kama komai. Ya ce tayar sanyi robarta ba ta daskarewa, kuma tsagun nan su ne ke damƙe ƙanƙara. Ya ce tunda kaya mai nauyi za a ja, dole a duba lambar da ke gefen taya a ga ko za ta ɗauki nauyin, a kuma cika mata iska yadda aka rubuta. Ya ƙara da cewa an yi hasashen ruwan sanyi a duwatsun da ke tsakanin Hunan da Guangdong a wannan makon.

Abdulbaƙi ya fassara wannan duka. Alhaji ya saurara yana sosa gemu.

“To, ina take, wagga taya tasa?”

“Meyo, laoban,” in ji tsohon, wato babu, maigida. A Guangzhou ba a ƙanƙara, don haka ba ya ajiye ta. Sai ya aika an kawo daga arewa, kwana biyu.

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki.

“Ka gani ko? Abin da babu shi yake yabo. Ƙanƙara mi ce? Farin yashi ne mai sanyi. Ni da rairayi bai ka da ni ba!”

Tsoho Liang bai ji Hausa ba, amma ya ga dariyar, ya kuma gane. Fuskarsa ta canza. Ya nuna manyan tayoyin da yatsa, ya dubi Abdulbaƙi ido cikin ido, ya ce da shi cikin Sinanci, “Ka faɗa wa babanka, in ya hau dutsen nan da waɗannan yana jan injin, ko dai injin ya kashe shi, ko ya dawo babu injin. Na binne ƙanena saboda irin wannan.”

“Mi ya ce?” Alhaji ya tambaya.

Abdulbaƙi ya dubi ƙasa.  Ta yaya zai buɗe baki a gaban mutane ya ce wa uban matarsa zaɓinsa zai kashe shi?

“Baba, cewa ya yi... waɗannan ma suna da kyau. Waɗancan dai sun ɗan fi.”

“Yawwa. Ce mashi ya ɗaura.”

Jama'a, nan ne aka yi ɓarin. Kunya ado ce, amma wallahi akwai wurin da take zama cuta.

Aka ɗaura tayoyin. Motar ta ƙara tsawo, ta yi kwarjini, Alhaji ya zagaya ta sau biyu yana jin daɗi. Abdulbaƙi kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Kafin su fita ya koma da baya a ɓoye, ya ce wa tsohon ya aika a kawo tayoyin sanyin guda huɗu. Yana fatan kafin Laraba zai samu bakin da zai lallashi Alhaji.

Ya roƙi Amira ta yi wa mahaifinta magana. Ta gwada. Alhaji ya ce mata ita ma yanzu ta zama direba ke nan? Ta bar maganar.

Ranar Laraba da safe suna gidan mai, za su kama hanya, wayar Abdulbaƙi ta yi ƙara. Tsoho Liang ne. Tayoyi sun iso.

“Baba,” Abdulbaƙi ya ce a hankali, “tayoyin nan na sanyi sun zo. Awa ɗaya kawai za a yi a ɗaura.”

Alhaji ya juyo ya dube shi, kallon da bai taɓa yi masa ba.

“Wa ya sa anka kawo su?”

“Ni ne, Baba. Na ga kamar...”

“Ka ga kamar ban san aikina ba. Malam, ina kan sitiyari tun kana ɗan ƙaramin yaro. Kai ka riƙe littafinka, ka bar mani mota.”

Abdulbaƙi ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba.” Ya shiga mota ya zauna. Me zai yi? Ba zai bar dattijo ya tafi shi kaɗai ba, ba shi kuma da ikon hana shi.

Tafiya ta yi kyau. Hanya a bushe, sanyi ne kawai ke ƙaruwa. Duk garin da suka wuce sai Alhaji ya waiwayo ya ce, “Ina ƙanƙarar taku?” Suka isa kafin la'asar.

Washegari Alhamis da safe aka ɗaura musu injin. Sabo fil, shuɗi, fentinsa na ɗaukar ido. Alhaji ya shafa shi, ya ɗauki hoto ya tura gida. Kafin su tada mota Salamatou ta aiko da saƙon murya, ana jin guɗar mata a bayanta.

Amma an kwana ana yayyafi, kuma irin yayyafin da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Ganyen itatuwa duk sun yi sulke da ƙanƙara. Da suka iso gindin duwatsu, suka tarar an rufe babbar hanya. Sai tsohuwar hanya, mai hawa da lanƙwasa, wadda 'yan ƙauyuka ke bi.

Abdulbaƙi ya tattaro ƙarfin hali.

“Baba, mu dakata. Ko da mun rasa wannan kwantenar akwai wata. Wata guda ne.”

“Wata guda? Na yi masu alkawari ruwa zai fito kahin bazara. Kai ba ka san bazarar garinmu ba. Ba ka ga hannun Yaya ba.”

Muryarsa ta yi rawa da ya faɗi haka. Abdulbaƙi ya gane ba girman kai kaɗai ke tuƙa Alhaji ba, har da tausayi. Wannan ya ƙara ɗaure masa baki.

A bakin hanya akwai wasu mata da ke sayar da sarƙar da ake ɗaura wa taya don ta kama ƙanƙara. Da Alhaji ya sauko ya taka ƙasa, ƙafarsa ta zame har sai da ya dafa mota. Ya gyara tsayuwa. Sannan, ba tare da ya dubi surukinsa ba, ya ce, “Tambaye su sarƙar nan.”

Matan suka zo suka gwada. Suka kawo wata, suka sake kawo wata. Duk sun yi kaɗan. Tayoyin sun fi ƙarfin duk sarƙar da ke wurin.

“Meyo,” in ji babbarsu, tana kaɗa hannu. Ta nuna dutsen, ta nuna injin, ta sake kaɗa hannu.

Nan Alhaji ya koma ga abin da ya sani. Ya tsuguna ya fara sace iskar tayoyin, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi in za a shiga rairayi don taya ta baje.

“Baba, da nauyin nan a baya, tsohon ya ce sai an cika iska...”

“Haka muke yi. Shiga mu tafi.”

Suka fara hawa. Alhaji ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, motar ta kama tafiya a hankali. Lanƙwasa ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Har ya fara gyara zama.

Bayan lanƙwasa ta uku hanyar ta shiga inuwar dutse, inda rana ba ta kai ba. Kwaltar baƙa ce wuluk tana sheƙi, kai ka ce jiƙa kawai ta yi. Abdulbaƙi ya san wannan sheƙin tun daga Harbin. Ƙanƙara ce.

Tayoyi suka fara juyawa a wuri ɗaya. Alhaji ya ƙara wuta, suka ƙara juyawa. Ya sassauta. Motar ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta fara komawa da baya.

Ya taka birki. Ya ja birkin hannu. Ƙafafu huɗu duk sun ƙame, amma motar tana tafiya. Injin ne ke jan ta. Ba da gudu ba, a hankali, tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta riga ta. Kuma bayansu, inda hanyar ta karya, kwazazzabo ne mai zurfi, babu komai a bakinsa sai 'yan gajerun duwatsun alama.

“Sauka ka sa dutse!” Alhaji ya yi ihu.

Abdulbaƙi ya dira, ya faɗi, ya miƙe, ya sake faɗuwa. Ya rarrafa zuwa gefen hanya ya kama dutse, dutsen ya manne da ƙasa. Ya kama wani, shi ma haka. Ya ja har farcensa ya fashe. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya cusa ƙarƙashin taya, tayar ta ture ta gaba. Ya zaro dardumar sallarsu ya shimfiɗa, ita ma ta bi. Duk abin da ya sa sai ya zame tare da motar.

Injin ya karkace, ya fara jan bayan motar gefe. Tayar baya ta dama, da yake an sace mata iska, ta lanƙwashe ta fice daga ƙarfenta. Motar ta tsuguna ta wannan ɓangaren, ta ci gaba da silalewa.

Ƙafar injin ɗaya ta ture dutsen alama ta leƙa rami.

“Baba, fito! Baba, don Allah ka fito!”

Alhaji ya ƙanƙame sitiyari, ƙafarsa a kan birki, hawaye na zuba.

“Ruwan garinmu ne! Ba ni barin shi! Ruwan garinmu ne!”

Abdulbaƙi ya fizge ƙofar. Shekara tara yana sunkuyar da kai a gaban mutumin nan. Ranar ya ɗaga murya har dutse ya amsa.

“Isufu! Sake sitiyarin nan!”

Alhaji ya waiwayo a razane. Kafin ya ce uffan, surukinsa ya cafki wuyan rigarsa ya fizgo shi. Suka zube tare a kan ƙanƙara.

Suna kwance suna kallo. Injin ya tafi, ya ɗaga gaban motar sama, ita ma ta bi shi. Suka ji ƙarar farko, suka ji ta biyu can ƙasa, sannan shiru. Ba abin da ya rage a hanyar sai darduma da rigar sanyi.

Alhaji ya rarrafa har bakin ramin ya leƙa. Can ƙasa ya hango shuɗin fenti a tsakanin duwatsu. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi ihu ba. Ya zauna kawai a kan ƙanƙarar, mutumin da sahara ba ta taɓa kayarwa ba, yana kallon hannayensa.

Matan nan masu sarƙa ne suka hauro da ruwan zafi da bargo. Daga baya hukuma ta zo. Waɗanda suka san aikin suka sauka suka duba, suka ce ko an ɗago injin sai dai a kai wa 'yan gwangwan.

A jirgin ƙasa suka koma Guangzhou. Ranar Asabar aka rufe kwantena, gurbin injin yana nan fayau.

Kwana uku Alhaji bai fita ba. Ya kashe wayarsa. Amira tana kai abinci tana ɗaukowa yadda ta kai. A rana ta huɗu ya ce wa Abdulbaƙi ya raka shi shagon tsoho Liang.

Tsohon yana haɗa kaya zai rufe don hutu. Da ya gan su a ƙasa babu mota, bai tambayi komai ba. Ya jawo kujera ya ba Alhaji, ya zuba masa shayi. A kusurwar shagon tayoyi huɗu suna jere a kan juna, masu tsagu sirara, an yi rubutu a jikinsu da alli.

“Mi anka rubuta?” Alhaji ya tambaya.

“An rubuta, na mai injin ruwa ne, kada a sayar.”

Alhaji ya daɗe yana kallon rubutun. Abdulbaƙi ya durƙusa a gabansa.

“Baba, ni ma ina da laifi. Ranar Litinin ba abin da tsohon nan ya faɗa na gaya maka ba. Cewa ya yi in ka hau da waɗancan, ko injin ya kashe ka, ko ka dawo babu shi. Kunya ta hana ni.”

Alhaji ya rufe ido.

“Da ka faɗi, ƙila in ji, ƙila in ƙi. Allah ya sani. Amma ni na maishe ka haka, ɗana. Wanda ba a iya gaya wa gaskiya shi ya toshe bakin mutane.”

Ya ciro wayarsa ya kunna. Ko minti biyu ba a yi ba ta fara ƙara. Salamatou ce. A can gida gari bai daɗe da wayewa ba. Yana ɗagawa ya ji kukan kwarkwaron rijiya da hayaniyar mata.

“Isufu, ina ka shiga? Mun share wurin. Mun jera duwatsu inda za a haƙa, kusa da kukar masallaci. Injin ya shiga jirgi ko?”

Alhaji ya gyara riƙon wayar. 

“Yaya, injin ya faɗa rami. Ni na jefa shi. An gaya mani ban ji ba.”

Ƙarar igiya a kan itace kawai yake ji.

“Kai lahiyarka lau?”

“Lahiya lau, Yaya.”

“Yaron nan fa, mijin Amira?”

“Shi ya hid da ni.”

“To, alhamdu lillahi.” Ta yi ajiyar zuciya. “Bari in aje, Isufu. Layi ya zo kaina, zan ja guga.”

Darasi: Gwaninta a wani wuri ba gwaninta ba ce a ko'ina. Tayar da ta ci rairayi ba ita ke cin ƙanƙara ba, don haka in ka je inda ba ka sani ba, ka saurari wanda ya riga ka sani, ko da ɗanka ne ko baƙo. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin kaɗai ke shan wahalarsa ba. Kai kuma da ka san gaskiya, kada kunya ta sa ka rage mata kaifi in rai ko amanar jama'a na cikin haɗari. Ka faɗe ta da ladabi, amma ka faɗe ta duka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman direbobinmu da ke ƙasashen sanyi, wataƙila wani ya tsaya awa ɗaya ya sake taya.